Ganye Takwas a Bargon Usta Fatahalla

Shekara talatin da ɗaya na yi ina zaune a shago ɗaya da Usta Fatahalla, a layin masu ɗinkin tanti da ke bayan ƙofar Zuwaila a Alƙahira. Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne a wurinmu. Shagon ƙarami ne, in ya miƙe ƙafa sai na tanƙwashe tawa. Na zo wurinsa ina saurayi, na yi aure, na aurar da 'ya, furfura ta cika min gemu, amma a bakinsa ban wuce "yaro" ba. In na miƙa masa aiki sai ya juya bayansa, ya ɗaga shi wajen haske, ya ce, "Hilmi, wannan ɗinki ne ko haƙoran jaki?" Mutanen layi su yi dariya, ni ma in yi. A raina kuwa abin yana ci na, ba zan ɓoye ba.

A ɗakin da ke saman shagon da ke kallon namu aka haife shi. Ubansa maɗinkin tanti ne, kakansa ma haka. Ya riski zamanin da duk rumfar biki ko ta makoki a Alƙahira da hannu ake ɗinka ta, bango guda mutum shida su yi wata da watanni a kansa. Da yadin da inji ke bugawa ya shigo, rabin layi ya watse, wasu suka kama tuƙin tasi, wasu suka koma sayar da jakunkuna. Shi ya koma ɗinkin rigar matashi da bargon gado, ya ce bai ga dalilin da zai koyi wata sana'a don kawai inji ya yi atishawa ba. Kullum da hantsi zai aika a sayo masa dafaffen wake da gurasa, ya ci rabi, ya ajiye rabi sai bayan azahar. Shayinsa sukari cokali uku, likita ya hana, ya ce likitan bai taɓa zama a kan katako awa goma ba.

Aikinsa kuwa sai dai a yi shiru a kalla. Zai naɗe takarda gida takwas, ya zana rabin fure a kai, ya bi zanen da tsinin allura yana hudawa. In ya buɗe ta a kan yadin ƙasa, ya kaɗa mata garin gawayi, sai ga fure cikakke ya fito ɗigo-ɗigo, kowane ɓangare daidai da ɗan'uwansa. Sannan ya ɗora ƙyalle mai launi, ya dinga yanka shi a nan inda yake kwance, yana kalmashe bakin da allura yana ɗinkewa. Duk haɗarin sana'armu a nan yake, domin bakin almakashi yana tafiya ne tsakanin ƙyallen sama da yadin ƙasa, kuma ba abin da ya raba su sai hannun mutum.

Yana da wata magana da kowa a layi ya haddace. Ya taɓa ganin wani tsohon gwani da hannu ya fara yi wa rawa, yana ɓata yadi ana faci a bayan idonsa don kada ya ji kunya. Tun daga lokacin yake cewa, "Ranar da almakashina ya ci yadin ƙasa, ranar zan tashi daga nan. Ba zan zauna yara suna rufa min asiri ba." Magana zarar bunu ce. Ɗansa Midhat, da ke aiki a kantin magani, ya daɗe yana son ya zaunar da shi a gida saboda ido da gwiwa, sai ya riƙe wannan magana gam, duk sallah sai ya tuna masa.

Yana da shekara saba'in da huɗu ya fara bargon da nake son ba da labarinsa. Na matarsa ne, Sitt Insaf. Ta shekara arba'in da bakwai tana yi masa gori cewa ta auri mai ɗinkin bargo tana kwana da na kanti. Ya shirya shi gida tara, kowane gida da nasa zanen furen bado, shuɗi da ja da kore a kan yadi mai ruwan madara. Ba ya taɓa shi sai in aikin masu saye ya lafa. Gida bakwai sun kammala, yana kan na takwas, ba a kai ga shafi da auduga ba.

A layinmu in mutum zai tashi, naɗe aikinsa yake yi, ya soka allura a sama, ya ajiye a mazauninsa. Wannan allura ta fi kwaɗo. Ko ɗanka na cikinka ba ya buɗewa, balle abokin zama.

Ranar wata Talata ya tafi sallar azahar, ni ina tsaron shago kafin ya dawo in je. Na dubi bargon a naɗe, sai wani tunani na banza ya zo min. Na ce bari in yanka kunnen fure ɗaya in ɗinke, in mayar, in ga ko zai gane. In bai gane ba, da yamma in tara Usta Ashur na shagon gaba da sauran jama'a, in ce to, ga haƙoran jaki a tsakiyar aikin Usta, a nuna min su. Mutum mai shekara hamsin da biyu ke wannan lissafi. Karambanin akuya ne, gai da kura.

Na zare allurar, na buɗe, na ɗauki almakashinsa don yankan ya zo iri ɗaya. Almakashin gado ne, ya fi nawa nauyi, ya fi shi kaifi nesa. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya ture ni, babu wani uzuri da zan kawo. Na danna shi yadda na saba danna nawa, sai na ji yankan ya yi laushi fiye da kima. Da na ɗaga ƙyallen, ga tsaga tsawon ɗan yatsa a yadin ƙasa, ta ratsa har cikin wani koren reshe da ya riga ya gama. Na naɗe bargon yadda na same shi, na mayar da allurar a ramin da ta fito, na koma wurina na sunkuyar da kai.

Ya dawo, ya cinye sauran wakensa, ya goge hannu sosai kamar yadda ya saba, ya buɗe aiki. Idonsa ya sauka a kan tsagar. Ina jira ya ce wa ya taɓa min kaya, har na shirya abin da zan ce. Bai tambaya ba. Ba a yin wannan tambaya a wurinmu, don abin da ake tambaya a kai ba ya faruwa. Sai na ga ya ajiye bargon a cinya, ya ɗaga hannunsa na dama yana kallo, ya juya tafin, ya juya bayan.

"Hilmi," ya ce a hankali, "ban ma ji lokacin da na yi ba."

Nan ne wurin magana. Kalma uku sun isa. Na buɗe baki, sai na hango Ashur yana tsallako layi da kofin shayi a hannu, na tuna yadda labari ke zaga layin nan kafin a kira la'asar, na ce, "Tsautsayi ne, Usta."

Ashur ya leƙa ya gani, ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa. "Haba Baban Midhat, a kan wannan 'yar tsagar? Ni ai sai na yi irinta uku kafin in sha shayin safe."

"Shi ya sa kai masu yawon buɗe ido kaɗai ke sayen naka," in ji Usta Fatahalla. Ya yi ɗan murmushi, amma hannunsa na naɗe almakashi a cikin tsumma.

"To ina za ka da rana tsaka?" in ji Ashur. "Hajja a gida za ta ɗauka an kore ka."

"Ai korata aka yi." Ya miƙe da ƙyar, ya dafa kafaɗata kamar kullum saboda gwiwar. Ya nuna bargon da haɓa. "Wannan kuma ku san yadda za ku yi da shi. Kada ta gani."

Na ce zan gyara. Ya ce in yi abin da na ga dama.

Gyaran tsaga a yadin ƙasa ba wuya gare shi ba, wulaƙanci ne da shi. Na fara warware koren reshen da ya yanku, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, kuma sai da na warware na san ƙanƙantar ɗinkin mutumin nan, don da ƙyar tsinin allura ke samun wurin shiga. Na yanko ɗan yadi daga gefen da za a kalmashe, na sa shi ta baya, na zaro zare daga jikin yadin kansa na haɗe bakin tsagar. Ta haɗu, amma tabo yana nan, duk mai ido zai gani. Dole a rufe shi da wani abu, sai na yanke shawarar ɗora ganye a kai.

A nan na gane girman abin da na jawo wa kaina. Zanen daga takarda mai naɗi takwas ya fito. Duk abin da ke ɓangare ɗaya yana sauran bakwai. Ganye ɗaya tilo a gefe zai fi tsagar kanta tona asiri. Don haka sai da na yanka ganye takwas, ɗaya a kan ɓarnata, bakwai a kan lafiyayyen yadi da bai yi wa kowa laifi ba. Koren da ya yi amfani da shi tsohon ƙyalle ne da ya ɗan koɗe, na kwana biyu ina tona buhunan guntaye a shagunan mutane kafin na sami mai kama da shi. Kowane ganye na ɗinka na warware ya fi sau uku don ya yi kusa da hannunsa. Daga nan na ƙarasa gida na takwas, na ɗauko takardarsa mai huji na yi gida na tara, na sa auduga da shafi.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne yabo. Mutane suka dinga tsayawa a bakin shago suna kallo. Ashur ya bi layi yana cewa, "Ku zo ku ga ɗan halak. Ya ajiye aikinsa yana ƙarasa na ubangidansa." Wani ya kawo min lemo, wani ya ce Allah ya ba shi abokin zama irina. Ni kuwa ina amsawa da amin, kamar ƙasa ta tsage in shige. Kullum in ce gobe zan je in faɗa masa, gobe ta zo in ce bari in gama tukuna, in je da abu a hannu.

Kwana ashirin da shida da faruwar abin na hau benensu da bargon a kafaɗa, bayan la'asar. Sitt Insaf ta buɗe min. "Shigo ɗana, zo ka ga abin da kuka aiko min. Ba ya fita, ba ya magana, ko shagon shayi ya daina zuwa. Jiya na ba shi maɓalli ya sa min, ya ce in kai wa tela."

Yana zaune kusa da taga cikin jallabiyar gida, hannuwansa a ɓoye cikin hammata. Ya rame. Na shimfiɗa bargon a kan kujera, Sitt Insaf ta dafe ƙirji tana salati, tana shafa furannin ɗaya bayan ɗaya. Shi gida na takwas kaɗai ya duba. Ya bi ganyen da yatsa, ya ƙirga su, ya tsaya a kan wanda ke da faci a baya.

"Ka rufa min asiri, yaro," ya ce. "Allah ya rufa naka."

Ban iya ɗaukar wannan ba. Na durƙusa a gabansa na faɗi komai, allurar da na zare, almakashin da na ɗauka, har da dariyar da na so a yi da yamma. Sitt Insaf ta tsaya da tiren shayi a hannu, ta ajiye shi a kan tebur ba tare da ta miƙa min ba, ta koma bakin ƙofar kicin ta tsaya. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni, da na ji sauƙi.

"Ashe ba ni ba ne," ya ce. Ya sake faɗa. Sannan ya dubi matarsa. "Maman Midhat, miƙo min shi. Da wani ƙyalle."

Ta ɗauko almakashin daga saman kabad, yana nan cikin tsummansa. Ya shimfiɗa tsohuwar rigar matashi a cinya, ya ɗora jan ƙyalle a kai, ya zura bakin almakashin tsakaninsu kamar yadda na gan shi yana yi dubun dubata. Sai hannun ya kama rawa. Ya janye, ya goge tafin a jallabiya, ya sake zurawa. Ya ɗaga ƙyallen ya leƙa ƙasa, abin da bai taɓa yi ba. Ya sake leƙawa. Mun daɗe a haka, bai yanka ba. A ƙarshe ya zare almakashin ya ajiye a gefe.

"Kwana ashirin da shida ina kwana ina tashi ina gaya wa hannun nan ya ci amanata," ya ce. "Yanzu ka zo ka ce bai ci ba. Ni na ji, Hilmi. Shi ne bai ji ba."

Ya ƙara shekara biyu da wata huɗu a duniya, bai sake zama a shago ba. Bai gaya wa kowa abin da na yi ba, ko Midhat, kuma ya hana matarsa faɗa. Ni ma ban faɗa ba sai yau. Ranar makokinsa na nemi kujera can baya na zauna, amma Ashur ya zo ya kamo hannuna ya kai ni sahun gaba kusa da ɗansa, yana gaya wa baƙi cewa ga mutumin da ya tsaya wa marigayi lokacin da hannunsa ya gaza.