Ranar da likita ta rage wa ɗana magani

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, abu ne da ya faru a gidana nan Madarumfa, kuma har a sa ni cikin ƙasa ba zan manta da shi ba.

Ɗana na fari direba ne, yana jigilar kaya tsakaninmu da Najeriya. Ƙodojinsa suka mutu duka biyu, aka daɗe ana wanke masa jini, har ƙanwarsa ta ce a ciri tata guda a dasa masa. Aka tafi da su can nesa cikin jirgi, suka dawo kowa da ɗinki a ciki. Ni ban shiga lakwal ba, ban yi boko ba, dashen da na sani na albasa ne a bakin tabki. Sai ga shi an dasa naman ɗiyata cikin ɗana, ya kuma kama. Aka ba shi magunguna na safe da na marece, aka ce kada ya kuskura ya tsallake, don su ke hana jikinsa korar baƙuwar ƙoda.

Damina ta wuce yana lafiya lau. Wata rana ya tafi Maradi a auna jininsa kamar kullum, ya dawo ya ce an ga wata ƙwayar cuta tana cin ƙodar, kuma likita ta rage masa magani.

To, a wurinmu, in mai magani ya rage magani ya ce a koma gida, kowa ya san abin da ake nufi. Kafin la'asar zance ya gama gari. Mutane suka fara shigowa da sanyin murya ana neman gafara. Wani maƙwabcinmu ya durƙusa ya ce, "Ka yafe mini, tayar nan taka da ta ɓace, ni na ɗauka."

Ɗana yana suɗe miyar kuka daga yatsunsa ya ce, "Na yafe maka. Amma ka maido ta, ban tafi ba tukuna."

Wana ya taso daga Safo a kan amalanke, shi kuwa yana riƙe da hanyar kakanni. Ya ce ba wata cuta, ƙodar ce ke kewar mai ita, a maido yarinyar gida ta riƙa kwana inda ƙodar za ta ji muryarta. Aka maido ɗiyata, ita kuwa sai kuka, wai ita ta ba wanta ruɓaɓɓen abu. Surukata, matar ɗana, ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Inna, sauran maganin yana nan. In ci gaba da ba shi kamar da? Su sun fid da rai, ni ban fitar ba."

Na ce, "Kada ki ƙara masa ko ɓari sai na dawo."

Abin ya hana ni sakat. Na zauna da masu jinya da yawa, na rufe idanun wasu da hannuna, ban taɓa ganin mai tafiya lahira yana neman ƙarin miya ba. Wace irin cuta ce wannan da ba zazzaɓi, ba ciwo, sai dai a gan ta cikin jini? Wane irin magani ne kuma raginsa ke warkarwa?

Da safe na shiga mota sai Maradi. Likitar yarinya ce, sa'ar jikata. Ta ce, "Inna, wa ne mara lafiyan naki?" Tun da na haife shi bakina bai taɓa faɗin sunansa ba, ɗan fari ne. Na ce, "Wanda ke yawo da ƙodar ƙanwarsa." Ta yi dariya, ta jawo mini kujera.

Na ce, "Ɗiyata, ki faɗa mini gaskiya. Kin sallame shi ne?"

Ta ce, "A'a, Inna! Jikin mutum yana da masu gadi. Mun sa nasa barci don kada su far wa sabuwar ƙoda. To akwai wata ƙwaya da ke shiga yawancin mutane tun suna yara, ta laɓe cikin ƙoda ba ta motsi. Da ta ga masu gadi sun yi barci mai nauyi sai ta tashi tana ɓarna. Shi ya sa na rage, don su farka kaɗan su kama ta."

"In suka farka da yawa fa?"

"Sai su juya kan ƙodar. Don haka zan riƙa auna jininsa a kai a kai."

Na ce, "Ashe ban ruwan albasa ne. Ka cika ta ruɓe, ka hana ta bushe." Ta ce haka ne. Na tambaye ta ko ɗiyata ce ta kawo ƙwayar. Ta ce mai yiwuwa ta zo da ƙodar, mai yiwuwa tasa ce tun yarinta, kuma ba laifin kowa. "Ke ma, Inna, wataƙila tana kwance cikinki." Na dafa kwiɓina. Duk hanyar gida hannuna yana wurin, ina mamakin baƙuwar da na tsufa tare da ita ba mu taɓa gaisawa ba.

Da na faɗa wa surukata cewa ƙarin da ta so yi shi ne zai kashe ƙodar, sai ta zauna daɓas a ƙasa.

An yi watanni ana auna shi, wani lokaci mu ji daɗi, wani lokaci gaba ya faɗi, har ƙwayar ta lafa. Ta bar wa ƙodar tabo, amma tana aiki. Ɗana ya bar doguwar tafiya, yana sayar da kayan mota a tasha. Ƙanwarsa ta haifi namiji da ƙodarta guda. Surukata ita ke riƙe da magungunan, ba ta ƙari ba ta ragi. Wana ya rasu yana cewa kwanan yarinyar a gidan ne ya yi aiki, ban yi masa gardama ba. Maƙwabcin ya maido taya, amma don kunya har yau ta bayan gidanmu yake bi.

Ni kuwa na koyi cewa in abu ya ɗaure maka kai, kada ka fassara shi da abin da ka saba gani. Tashi ka tambayi wanda ya yi shi. Tafiyar safiya ɗaya ce ta tsaya tsakanin ɗana da ƙaunar da ta kusa halaka shi.