Fenti Biyu a Bangon Ɗakina

Shekarar da ɗana ya rushe ɗakina na ƙasa ya gina na bulo, shi da kansa ya ɗauko mai fenti a babur daga Rano. Ni ban nema ba. Tun ina amarya a Rurum Tsohon Gari da farar ƙasa nake shafe ɗakina, kuma ko a ƙwarya aka kawo min ita, kallo ɗaya nake yi in ce wannan ta bakin rafinmu ce, waccan ta wajen Kibiya. Haka nake da mutanen gidan ma. Kowa ya san idona.

An riga an yi wa bangon shafin farko da fari. Mai fentin ya buɗe gwangwani biyu, ya shafa kowanne faɗin tafin hannu, ya ce a bari su bushe tukuna, wai jiƙaƙƙen fenti ƙarya yake yi. Ɗaya farin madara, ɗayan ya ɗan ja rawaya kamar man shanu. Matar ɗana ta ce na madarar zai nuna datti, ɗan nawa kuma ya ce ɗayan duhu zai sa wa ɗaki. Suka yi ta ja, har mai fentin ya gaji ya ce a bar wa Hajiya, ai ita za ta kwana ciki.

Na matsa kusa. Na ƙanƙance ido, na koma gefe, na sa aka ɗaga labule. Ban ga biyu ba, ko ɗaya ma ban gani ba, fari kawai kamar hayaƙi. Na ɗaga hannu na dafa inda nake zato.

"Wannan."



"Iya," in ji ɗana a hankali, "nan ai ba a shafa komai ba."

Na ce na sani, gwada su nake yi. Ba wanda ya yi dariya. Matarsa ta kama hannuna ta kai shi kan fentin, yadda ake kai hannun jinjiri bakin kwano, ni kuma ban fizge ba.

A asibiti suka ce yanar ido ce, ta daɗe tana rufowa. Har yau ban san wanne suka shafa ba, ban kuma tambaya ba. Abin da ke cin raina, tun daga ranar an daina ɓoye min komai a gidan nan. A gabana ake yi, ina zaune a bakin ƙofa, ido buɗe.