Akwatin da Mai Ɗinki Ta Yi wa Auta

Yayata shekara talatin da biyu ta yi a kan keken ɗinki, har a layinmu ba mai kiranta da wani suna sai Mai Ɗinki. Da keken nan ta reni 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta. Tef ɗin awo ba ya barin wuyanta, kuma in ta kalle ka sau ɗaya ta san faɗin kafaɗarka. Ni ƙanwarta ce, shagon kayan shayina na jikin nata, don haka duk rigimarta a kunnena take ƙarewa. Ga kafiya, wallahi! In ta ce za ta yi abu, gara ka matsa mata hanya kawai.

Da autarta ta gama karatun jinya aka tura ta aiki wani gari mai nisa, tafiya saura kwana goma. Yaya tana da wata leda a ƙarƙashin gado da ta daɗe tana ɓoyo. A ciki akwai rigar farko da ta ɗinka wa Auta tana jaririya, da haƙorinta na farko a ƙulle cikin tsumma, da hoton babansu ɗauke da ita a wuya. Ta ce ba za ta miƙa wa yarinya waɗannan a leda ba, akwatin katako za ta yi musu.

Na ce, "To ki ba Baba Kafinta ya yi miki mana, ga shi nan ƙarshen layi."

Ta ce, "Da hannuna zan yi."

"Ke da ko ƙusa ba ki taɓa bugawa ba?"

"Wadda ta iya yanka yadin mutane ba ta ɓata ba, katako ne zai gagare ta?"

Kafin ta je wurin Baba Kafinta ya koya mata, ta faki idon Auta ta buɗe jakar tafiyarta, ta auna wani gurbi da ya rage a gefe: tsawo inci goma, faɗi bakwai, zurfi biyar. Jaka ɗaya yarinyar za ta ɗauka, kuma ta riga ta cika ta dam. In akwatin bai shiga gurbin nan ba, to a gida zai zauna.

Baba Kafinta dattijo ne mai fensir a bayan kunne, ba ya son surutu. Ya kalli Yaya daga sama har ƙasa, ya ce, "Hajiya, zarto fa ba almakashi ba ne." Amma ya ware mata gefen benci da guntayen katako masu laushi, ya nuna mata yadda ake riƙe zarto. Kullum da hantsi sai ta rufe shago ta tafi. Ranar farko ta dawo da garin katako har a gira. Ta biyu ta dawo da babban yatsa a naɗe, guduma ta gaisa da shi. Na yi dariya har na riƙe ciki, ta ce in jira, ai zan kawo mata ɗinki wata rana.

Fensirin da ya ba ta kuwa ajiyewa ta yi, ta ce ita da allinta ta saba. Ita ta zana, ita ta yanka. Da aka haɗa gefe huɗun suka zauna cif, Baba da kansa ya ce, "Kai, hannun nan ya san layi." Ranar har waƙa take yi a hanya. Ta shafa gam, ta buga ƙananan ƙusoshi, ta goge da samfefa har katakon ya yi santsi kamar bayan cokali. A ciki ta shimfiɗa ragowar wani yadi shuɗi, a nan kam ba wanda ya koya mata.

Ana gobe tafiya ta shigo shagona da akwatin a zani, fuska fal murna. Ta zare tef don ta nuna min gwaninta. Sai na ga murmushin ya ɗauke. Tsawo goma sha biyu. Faɗi tara.

"Innalillahi," ta ce. "Na bar rara."

Duk tela ya san rara: in za ka yanka yadi sai ka ƙara inci ɗaya kowane gefe, saboda ɗinki zai ci, kuma in mai riga ya ƙara jiki a buɗe masa. Shekara talatin da biyu hannunta na yin haka, ko tunani ba ta yi ba allin ya ƙara da kansa.

Muka ruga wurin Baba Kafinta. Ya juya akwatin, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har fensirin ya faɗo. Ya ce, "Hajiya, wannan ba riga ba ce da za a farke a rage. Gam ya kama. In na taɓa shi, fashewa zai yi."

Yaya ta rungumi akwatin muka kamo hanyar dawowa, kanta a sunkuye. Tausayinta ya kama ni, don ban saba ganinta haka ba. Ta ce za ta tura shi ƙarƙashin gado, ta ba yarinyar ledar kawai. Na ce, "Wallahi ba ki isa ba. Yatsanki bai kumbura a banza ba."

Da safe Auta na ɗaure jaka a tsakiyar ɗaki, na ɗauko akwatin da kaina na dire a gabanta. Na ce, "Ummanki ce ta yi, da zarto da guduma. Tambayi yatsanta."

Auta ta buɗe murfin. Ta ɗaga 'yar rigar, ta ga haƙorin ta fashe da dariya, ta ga hoton sai hawaye. Yaya na tsaye bakin ƙofa tana murza tef, ta ce, "Ba zai shiga ba. Na auna gurbin daidai, hannuna ne ya ƙara. Bar shi, in kin zo hutu kya gani."

Auta ta gwada, bai shiga ba. Sai ta zaro takalma ƙafa biyu, har da sabon da ta yi wata guda tana yi mana yanga da shi, ta ajiye gefe. Akwatin ya zauna daram. Sannan ta juya bakin 'yar rigar jaririn, ta nuna mana yadin da aka ninke a ciki.

"Umma, yaushe kika taɓa yi min abu daidai jikina? Kullum sai kin bar min wurin girma."

Yaya ta juya baya wai garin katako ne ya shiga idonta, alhali rabonta da shagon Baba tun jiya. Auta ta matso ta zare tef ɗin daga wuyanta, ta naɗe shi a hankali, ta sa a wurin da ya rage a cikin akwatin, ta rufe.

"Kai, yarinyar nan! Da me zan yi aiki gobe?" in ji Yaya, tana dariya tana share ido.

Na ce, "Ke da kike auna mutum da kallo?"

Takalman suna nan a shagonta har yau, a ƙarƙashin keke, ta hana kowa taɓawa.