Aljanun Tarubala da Kogin Ganga

Tarubala Mondal guggurun shinkafa take sayarwa. Duk ƙauyen da ake biki a ƙasar Murshidabad, za ka same ta a gindin wata bishiya da kwandonta. Tun tana amarya ta kamu da son pori, 'yan tsanan yumɓu na aljanu mata masu fukafukai, waɗanda magina ke kawowa wurin biki. Ba ta komawa gida sai da guda ƙulle a bakin zanenta. Akwai mai busa sarewa, akwai mai riƙe da furen bado, akwai wata mai harara da ta ce sak uwar mijinta. Kafin furfura ta rufe mata kai, sun cika bangon ɗaki.

Mijinta Haradhan masunci ne, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Bakinsa dai bai mutu ba.

"Fukafukai kamar na gaske," yakan ce, "amma ko sauro ba sa kora mini."

"Kai da kake da baki, me ka kora?" in ji ta, tana share musu ƙura da gashin kaza.

Kowace damina kogin Ganga kan ɓalli gaɓa kaɗan ya tafi. A wannan shekarar ya zo da yunwa. Ya ci gonar ayaba, ya ci makabarta, ran nan da hantsi ƙasa ta tsage a bayan garkensu. Maƙwabciyarta Jahanara ta shigo da gudu, ruwan sama na zuba daga mayafinta.

"Didi, yayata, fito! Amalanken shanu na ƙofa. Wurin mutum ɗaya ya rage, da buhun shinkafa."

Suka ciccibi Haradhan suka ɗora. Tarubala ta juya za ta koma ɗaki, Jahanara ta cafke hannunta.

"Kin haukace? Kan laka za ki mutu?"

"Ku je, ina tafe."

"Ke, kina jina?" Haradhan ya daka mata tsawa daga amalanke. "Wa zai juya ni in kogi ya tafi da ke?"

Ba ta waiwaya ba. Ta zubar da guggurun a ƙasa, ta shiga lodin aljanun a kwando, fukafukai na karyewa tana ji. Bango ya yi ƙara, haske ya shigo ta inda ba taga. Ta rufe kwandon da tsohon zane, ta aza a ka, ta fita. Ba ta kai bishiyar mangwaron unguwa ba ta ji ɗakin ya rufta cikin ruwa.

Makarantar da aka tara mutane tana da nisa, ruwan kuma bai ɗauke ba. Yawancin pori ba a gasa su, rana ce kawai ke busar da su. Tana tafe ta ji wani abu na bin goshinta. Ta shafa, ta ga ja da shuɗi a tafin hannu. Ta sa gudu, ta faɗi, ta tashi, tana roƙon sama kamar mai roƙon mutum: "Ka dakata mini, kaɗan kawai!"

Da ta sauke kwandon a barandar makarantar, laka ce cike da shi. Ta zura hannu har gwiwa tana lalube. 'Yan kaɗan ta tsamo, gasassu, su ma ba fenti. Ta zauna nan dirshan, Jahanara na wanke mata fuska, ta kasa ko kuka.

Bayan damina ta nemi maginin da ta fi saye a wurinsa. Ya rasu, ɗansa kuwa na roba yake sayarwa.

Yanzu suna kan tudun da aka yi don tare ruwa, a ƙarƙashin tamfol. Lakar nan ba ta zubar ba. In ta dawo daga talla sai ta jiƙa kaɗan ta murza. Jikin yana fita, fuska ma ba laifi, amma fukafukan, da zarar sun bushe, sai su faɗi. Haradhan ne ke tallafe su da hannunsa mai lafiya har su sha iska, yana mita.

"Wannan ma zai faɗi," yakan ce.

"Riƙe dai."

Kogin kuma saura gona biyu tsakaninsa da tudun.