Sunan da Na Ba Likita

Shekarar da ciwon ƙoda ya kwantar da matata, likitan da ke duba ta a Kwatano ya ce abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu. Ya san wani asibitin kuɗi a Faransa, zai rubuta musu su aiko da takardar karɓa. Ya ɗauki biro ya tambaye ni sunanta, na faɗa masa.

Sunanta na yanka sunan mahaifiyata ne. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu a Zongo ƙanwata ta sa mata lakabi, da shi kowa ke kiranta. Sama da shekara ashirin na yankan bai taɓa fita daga bakina ba. Lakabin na ba likita, ban ko lura ba.

Zamanin juyin juya hali ne, ba a fita ƙasar sai da izini. Na yi sati uku ina sintiri a ma'aikata, ina ce wa ma'aikata sa'o'in 'ya'yana "kamarad", yadda mulkin ya ce a kira kowa. Na sha zaman jira a duniya. A Khartum sai an ba ka shayi kafin a ce ka dawo gobe, a Kumasi a haɗa maka da barkwanci, a nan kuwa jawabi ake yi maka. Izinin ya fito, na wata biyu. Takardar Faransa ma ta iso.

Matar da ke karɓar takardu a ofishin biza 'yar ƙasa ce. Ta jera fasfo da takardar asibiti, ta ɗora yatsa a kan kowanne.

"Mata biyu ne za su tafi?"

"Ɗaya ce."

"To wannan wace ce?"

Na yi mata bayani da Faransanci, na ƙara da Fon. Ta gane sarai, ta ce su ma suna da irin wannan kunyar a gidansu. Ta turo mini takarduna ta ƙarƙashin gilashi. Ta ce sai asibitin ya sake rubutowa da sunan da ke fasfo.

Na tarar da matata kwance, ƙafafunta bisa matashi. Na gaya mata yadda aka yi.

"Alhaji, harshe nawa kake ji?"

"Shida."

"Duk shidan babu wanda sunana zai fita da shi?" Ta yi dariya har tari ya tsayar da ita. "Bar shi kawai. Da ka faɗa ma, da na waiwaya neman Inna."

Na kwafi sunan daga fasfo a ƙyallen takarda na kai wa likita. Wasiƙa ta tafi ta dawo cikin sati shida, kafin nan izinin fita ya ƙare. Na koma wurin su kamarad. Kullum da safe ina buɗe shagona a kasuwar Misebo ina auna yadi, ban iya tuna fuskar ko mutum ɗaya da na sayar wa ba.

Ranar wata Alhamis aka buga bizar. Na kai wa likita ya gani. Ya danna ƙaurin matata da babban yatsa, gurbin ya tsaya bai ciko ba. Ya ce babu jirgin da zai ɗauke ta a haka. Na tambaye shi ko ana ƙara wa biza kwanaki, ya ce bai sani ba.

Bayan kwana tara ta rasu da hantsi. Na aika Misebo a rufe shago. Bayan azahar aka kai ta.