Tabon Ƙofar Baya

Wataƙila na manta wasu abubuwa, amma ina jin lokacin zafi ne, a gidanmu na Lamisula. Yayana ya bar mini sabuwar motarsa in wanke in goge. Sau uku na karanta gwangwanin man gogewar, duk da haka na shafe ta kaf a cikin rana. Man ya bushe fari fat. Ina dirza ina leƙen hanya.

Inna ta ce, "Kai ɗan boko, kai ta inuwar darbejiya mana!"

Da ƙarfen ya huce man ya fita, sai tabo ɗaya a ƙofar baya. Yaya bai taɓa maganarsa ba, ban kuma san ko ya gani ba. Wanda ya shaida, don Allah ya gyara mini.