Lauya Harisu Dabo, Wanda Ya Kai Surukinsa Kotu

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayi Lauya Harisu Dabo a birnin Daura a shekarar 1944. Mahaifinsa shi ne Malam Dabo baduku, mahaifiyarsa kuwa Nagoggo 'yar mutanen Mai'aduwa, wadda ta yi suna wajen ƙuli-ƙuli da kuma faɗa. Waɗanda suka san shi yana yaro sun tabbatar da cewa natsuwar uban ya ɗauko, bakin kuwa na uwar ne. Ya sauke Alƙur'ani a hannun kawunsa, ya shiga elementare a 1952, ya wuce sakandare a Katsina, sannan a 1963 ya kama aikin magatakarda a kotun alƙali.

Aure

A shekarar 1966 Allah ya haɗa aurensa da Zinariya, ɗiyar Malam Badaru mai fataucin fata, wanda a lokacin jaki ɗaya gare shi, shi ma mai ɗingishi. Harisu ya kasance mutum mai tsananin kunyar suruki, har abin ya zama na nuni a unguwa. Bai taɓa kama sunan Badaru ba, ko da wani mai sunan ake nufi. In ya hango shi tafe, tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa, ko da kuwa cikin taɓo ne.

Karatun shari'a

A 1968 ya tafi Zariya karatun shari'a, daga nan Legas, ya komo a 1973 da baƙar riga da farar hular nan ta lauyoyi mai kama da bayan tunkiya. Kafin ya dawo, kuɗin man fetur sun fara malalowa. Suruki ya sayar da jaki ya zama ɗan kwangilar hanya, ya je Makka, ya komo Alhaji Badaru mai tifa-tifa da haƙorin zinariya.

Shari'ar rami

A 1975 Alhaji ya sami kwangilar wata hanya wajen Baure. Ma'aikatansa suka haƙa ƙaton rami suna ɗibar marmara a tsakiyar burtali, hanyar da shanu ke bi tun kaka da kakanni, suka gama suka tafi ba shinge ba ciko. Damina ta sauka, ruwa ya cika shi ya yi daidai da ƙasa. Wani makiyayi mai suna Hamma ya koro garkensa da hantsi, shanun gaba suka afka, shi ma ya faɗa don ceto, saniya ta danne shi ya karye a ƙugu. Rabin garke ya halaka, Hamma kuwa bai sake miƙewa sosai ba.

Da yake a lokacin babu wani lauya ɗan Daura sai Harisu, gidansa aka kawo Hamma a kan amalanke. Harisu ya sayi goro, ya je ya durƙusa gaban suruki, ya roƙi a sasanta a gida. Alhaji ya ce, "Ni na tura masa shanun? Ƙaddara ce. Tashi ka ba ni wuri, yaro." Harisu ya ce, "To, Baba, Allah ya huci zuciyarka." Ya fita da baya-baya, ya sa takalminsa a waje, ya je ya shigar da ƙara a Babbar Kotu a Katsina.

Alhaji na jin haka ya aiko mota aka kwashe Zinariya da 'ya'ya, ya kuma rantse ba za ta koma ba sai an janye ƙara. Gari ya ɗauka. A gidajen biki da bakin rijiya ba a wata hira sai wannan, wasu na cewa boko ya cinye masa kunya, wasu na cewa ai nonon Nagoggo ne ya motsa. Harisu ya shekara guda yana cin tuwon saye, ya rame har rigar lauya ta yi masa yawa, amma bai janye ba, kuma bai fasa zuwa gaisuwar Juma'a ba, ko da yake a zaure ake barinsa.

An zauna shari'a a 1977. Lauyan Alhaji, wani dogo daga Kaduna, ya kafe a kan cewa babu ganganci, kuma babu wata yarjejeniya tsakanin Alhaji da makiyayi. Harisu ya amsa da cewa ba a zargin kowa da mugun nufi, sakaci ake magana. Duk wanda aikinsa zai iya taɓa wani, in ji shi, haƙƙin kula da wannan mutum yana wuyansa, ya san shi ko bai san shi ba, kuma in ya bar abin da mai hankali zai yi har cuta ta auku, to sai ya biya.

Da aka kira Alhaji ba da shaida, sai aka ga Harisu ya zare takalmi a ƙarƙashin tebur, ya sunkuyar da kai. Mai shari'a ya umarce shi ya kira mai shaida da sunansa, sai Harisu ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, wannan kam ba zan iya ba." Kotu ta fashe da dariya. Yana kallon ƙasa ya ce, "Baba, ramin da aka haƙa a bayan gidanka lokacin ginin bene, me aka kewaye shi da shi?" Lauyan Alhaji na ta ƙifta masa ido, amma ita kunya ba gefe ɗaya take ba, dattijo ba ya iya shara ƙarya a gaban mijin ɗiyarsa. Ya ce, "Ƙaya." "Don me, Baba?" "Don kada jikokina su faɗa, ɗan nema! Ai naka ne 'ya'yan!" Harisu ya ce, "Na gode, Baba," ya zauna.

Kotu ta yanke cewa Alhaji ya san haɗarin rami sarai, ya kuma san maganinsa, don haka ta ɗora masa diyyar shanu da ta ƙugu. Alhaji ya biya, ya kuma sa aka cike ramin. Ya kwana uku bai fito ba. Zinariya kuwa ba ta jira izini ba, ta ɗora akwatunanta da 'ya'yanta a bayan tifar ubanta, ta sa direba ya ratsa ta tsakiyar kasuwa zuwa gidan mijinta. Ba a yi wata guda ba aka ji Alhaji a majalisa yana bugun ƙirji, wai duk Arewa babu lauyan da ya isa ya kayar da shi sai na gidansa.

Shekarun baya

Daga 1980 Harisu ya koma koyar da ɗaliban shari'a a Katsina. Da wannan rami yake buɗe musu darasin sakaci kowace shekara, yana cewa "wani dattijo ɗan kwangila", su kuwa duk sun san ko wane ne, suna ta danne dariya.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a Daura a 1998 bayan gajeruwar jinya, aka yi jana'izarsa bayan la'asar, Fulanin wajen Baure suka cika sahu. Ya bar matarsa ɗaya tilo, Hajiya Zinariya, da 'ya'ya biyar: Kalilu, Barakatu, Hasana, Talatu, da autansu da aka haifa shekara guda bayan shari'a. Wannan autan ne Harisu ya raɗa wa sunan kakan yaron, Alhaji Badaru, ya kuma koma ga Allah yana kiransa Ɗantsoho. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan.